Guzurin Matafiyi: Tukuici a Garin da Ba Naka Ba

Tun da aka fara yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen Dar Salam sun watsu. Wasu suna Gadarif da Kasala, wasu Alƙahira, wasu sun koma Kano wurin dangin da ba su taɓa gani ba. Saboda haka wasiƙun da ke zuwa wannan fili yanzu daga ko'ina suke fitowa. Ta wannan makon daga ɗan ƙanena ce. A da yana da rumfar takalma a Suƙ Libya, yanzu yana Alƙahira, kuma Allah ya yi ya samu biza zai je Napoli ta ƙasar Italiya sarin takalma da jakunkuna. Kuɗin da ke hannunsa ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai na mahaifiyarsa da ta sayar da awarwaronta, akwai na surukinsa. Ya ce, "Baffa, an ce mini a Turai in ka ci abinci ba ka bar wani abu a kan tebur ba, ka yi abin kunya. Nawa ake bari? Ba na son rowa, ba na kuma son ɓarnar kuɗin mutane."

Tambaya ce mai kyau, ɗana. Amma bari mu fara daga gida, don mu a nan kalmomi muke da su, kowace da mazauninta. Yaron maƙwabta ya kawo kwanon abinci, an juye, an jefa masa tsaba a ciki, wannan tukuici ne. Dillali, wanda a Omdurman muke ce wa samsar, ya haɗa ka da mai kaya, abin da ka ba shi la'ada ce, hakkinsa ne, in ka hana shi ka ci amana. Ka sayi gero an ƙara maka tafi ɗaya, gyara ce. Sai kuma "na goro" ko "haƙƙin shayi", wanda wani lokaci kyauta ce tsakani da Allah, wani lokaci kuma kowa ya san sunansa na gaskiya. Matsalar matafiyi ita ce ya haɗa su duka cikin buhu ɗaya, ya ce baƙshish.

Kai da ke Alƙahira ka riga ka sha darasi. A can gidan abinci zai ɗora maka kashi 12 cikin ɗari na hidima, ya ɗora harajin kashi 14, sannan mai kawo abinci ya tsaya yana murmushi, mai gadin ƙofa ma yana jira. To Italiya ba haka take ba. Ba kuma kamar Amurka ba ce, inda ake barin kashi 15 zuwa 20 saboda da shi ma'aikacin yake rayuwa. Mai kawo abinci a Italiya albashi yake ɗauka. Tukuicin, wanda suke kira mancia, ganin dama ne. In ka ji daɗin yadda aka yi maka, ka bar yuro ɗaya ko biyu, ko ka cike lissafin: an ce 38, ka ba da 40 ka tashi. In kuna da yawa kun daɗe a zaune kun wahalar da yaron, ku haɗa masa biyar ko goma. In ba ka bar komai ba, babu mai bin ka da harara.

Abin da zai ba ka mamaki wani ne daban, ni ma shi ya kayar da ni. Zuwana na farko Napoli, ni da wani abokin tafiya muka shiga wani gidan abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. Kifi muka ci, don shi ne ba mu da shakka a kansa. Da aka kawo takardar lissafi sai na ga wani layi a ƙasa, coperto, an rubuta sau biyu. Na ce wallahi ba mu ci coperto ba. Na kira yaron, ina nuna masa faranti, yana nuna mini tebur. Murya ta fara tashi, mutane suna juyowa. Sai wani dattijo ɗan Senegal da ke gefe ya taso ya ce mini da Larabci, "Ya hajj, kuɗin zama ne." Ashe kuɗin kujera ne da shimfiɗar tebur da burodi, kowane kai da nasa, galibi yuro ɗaya zuwa uku, kuma yana nan a rubuce a jikin takardar jerin abinci tun kafin in zauna. Ni ne ban karanta ba. Na biya ina jin kunya, kuma don in wanke kaina na bar wa yaron yuro goma, wanda ya fi kuɗin rigimar sau biyu. Har yau abokin nan in ya gan ni sai ya ce, "Alhaji Coperto."

Don haka ka duba takardar kafin ka zauna. Coperto na mai gida ne, ba na yaron ba. In kuma ka ga servizio incluso, an riga an saka kuɗin hidima, kada ka ƙara ko sisi sai in ranka ya so. A yankin Lazio, inda birnin Rum yake, doka ta hana coperto tun 2006, amma wasu sukan dawo da shi ta bayan gida da sunan kuɗin burodi. In ba ka son burodin, ka ce a ɗauke tun da wuri.

Gahawa kuwa nata tsarin daban, kuma ka kiyaye shi, don a nan kuɗin baƙo ke zirarewa. Mun saba a zauna kan ɗan benci wurin mai shayi a bakin titi, a sha jabana, a yi hira awa biyu, kuɗin bai canja ba. A can in ka sha a tsaye a gaban kanta farashi ɗaya ne, in ka zauna a tebur aka kawo maka wani farashi ne, a manyan dandali ma yakan ninka sau uku ko fiye. A wurare da yawa sai ka fara biya a wurin mai karɓar kuɗi, a ba ka 'yar takarda, ka miƙa wa mai haɗa gahawar. Mutanen Napoli sukan ɗora 'yar tsaba a kan takardar, ba ta kai rabin yuro ba. Suna da wata al'ada da ta burge ni: mutum ya sha kofi ɗaya ya biya biyu, na biyun ya zauna a ajiye har wani marar hali ya shigo ya tambaya. Na ce ashe su ma sun san sadaka ta ɓoye.

Tasi: ba a ba direba tukuici, sai dai cikon canji. Daga filin jirgin Napoli zuwa cikin gari akwai ƙayyadadden farashi, amma sai ka nema kafin motar ta tashi. Mai ɗaukar jaka a otal, yuro ɗaya kowace jaka ya isa. Ranar fita za a ce ka biya harajin kwana na birni, kowane dare da nasa. Ba cuta ba ce, kada ka maimaita abin da na yi.

Yanzu ga wanda ya fi kifi da gahawa muhimmanci. A kewayen Piazza Garibaldi za ka haɗu da 'yan uwanmu baƙar fata, 'yan Senegal, Gana da Najeriya, waɗanda suka san masu sari, suka san hanyar babbar kasuwar sari ta Nola. Wanda ya yini yana yawo da kai yana yi maka tafinta ba tukuici yake jira ba, la'ada yake jira. Ku yanke ta da safe, da baki, a gaban shaida, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko mai kaya ma yana ba shi. Na ga zumunci ya ɓaci saboda an bar maganar sai yamma.

Kuma don Allah ka bar goronka a aljihu in ka ga mai kaki. Ka shiga bas ba ka buga tikitinka a na'ura ba, mai duba tikiti ya kama ka, tara ce, ka biya ka karɓi takarda. Ka miƙa masa wani abu a dunƙule, ka mayar da tara ta zama laifin da ke kai mutum kotu, bizar da ka sha wahala a kanta ta tafi. Haka a kwastan: in kuɗin da ke jikinka sun kai yuro 10,000, ka bayyana su da kanka. Kuma tun Janairun 2023 doka ba ta yarda a biya yuro 5,000 ko fiye da tsabar kuɗi a ciniki ɗaya ba, sai ta banki. Ka shirya wannan tun kana Alƙahira.

Ina rubuta wannan ne ina tuna jiya. Na sayo buhun dawa, wani yaro mai dardaga ya turo mini shi cikin rana har ƙofar gida. Tun da takardun kuɗi suka yi wuya kowa ya koma Bankak, shi kuwa ba shi da waya. Muka tsaya cirko-cirko. A ƙarshe mai shagon kan kwana na tura wa, shi ya ƙirga wa yaron a hannu, bayan ya cire nasa. Uwargida ta leƙo ta ga abin da ya rage masa, ta koma ciki ba ta ce komai ba, ta fito da kisra da miya a kwano. Ya zauna a zaure ya cinye.

Ka gaida mahaifiyarka. Takalmina lamba 43 ne, baƙi, marar igiya.