MANHAJAR 'YA'YANMU: A DAINA BAI WA KURA AJIYAR NAMA



Ya ku iyayen yara, maza da mata, mazauna wannan unguwa tamu da sauran zangunan da wannan takarda ke isa, muna roƙon wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ta shafi duk gidan da ke da yaro a makarantar gwamnati.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da tuwo a bakin kara ta shigo ofishin ƙungiya da leda cike da littattafai. Ta ce makarantar ɗanta ce ta ba su jerin sunayen littattafan a farkon zango, ta ci bashin adashi ta saya. Ba a raba zangon biyu ba sai aka ce wa yaran wancan jerin tsoho ne, a dakata, wai kwamiti bai gama zama a kan sabon ba. Ta mayar wa mai shago ya ce ba ya karɓa, tunda yaron ya riga ya rubuta sunansa a ciki. Sai ta dube mu ta ce, "Malam Sakatare, to ni yanzu wa zai biya ni?" Muka yi shiru, domin ba mu da amsa. Wannan shirun ne ya sa muka shiga tambaya, kuma abin da muka gano shi ne muke so mu shimfiɗa a gabanku.

Da farko mu san mece ce manhaja. Manhaja ita ce tsarin abin da za a koya wa yaro, darasi bayan darasi, tun daga aji ɗaya na firamare har ya gama. Hukumar NERDC ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke tsara ta. Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ministan ilimi ke zama da kwamishinonin ilimi na jihohi, ita ce ke amincewa. Daga nan sai jihohi su ɗauka: su ne ke fitar da jerin littattafan da aka yarda a yi amfani da su, su ne ke ɗaukar malamai su tura su makarantu. Wato kafin darasi ya iso allon ajin ɗanka sai ya bi ta hannaye da yawa, kuma a kowane hannu yana iya maƙalewa.

Yanzu ku dubi yadda abin ya riƙa tafiya. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. A 2008 aka fara aiki da manhajar shekara taran. Sai aka ce darussan sun yi yawa, sun kai wajen ashirin, aka sake gyara, a 2014 aka fara aiki da wadda ba ta wuce darasi goma ba. A garin ragewar ne aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista da wasu darussa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Musulmi suka ce ba su yarda ba, Kirista ma suka ce ba su yarda ba, sai a 2017 aka ba da umarnin a raba su. Darasin Tarihi kuwa tun wajen 2009 aka cire shi, sai a 2022 aka yi bikin dawo da shi. Yaron da ya shiga firamare lokacin da aka cire shi ya gama sakandare kafin a yi wannan biki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Oktoba na 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ba da sanarwar sabuwar manhaja mai sana'o'i 15, ya ce za a fara a Janairun 2025. Watan bai ƙare ba aka sauke shi, Dokta Tunji Alausa ya hau, aka ɗage farawar zuwa Satumban 2025. Da lokacin ya zo, ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, sai aka fito da jerin darussan, sana'o'in nan 15 sun koma shida. Haka nan a Nuwamban 2022 aka ce a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 aka soke, aka ce a koma Turanci. Shekara uku kacal tsakani. Jama'a, ko rumfar kasuwa ce ake rushewa ana sake kafawa haka, ai mai ita ba zai taɓa yin ciniki ba.

Mun sani gyara ba laifi ba ne. Mu ma mun yi murna da aka ce Tarihin Nijeriya ya zama dole daga firamare har ƙaramar sakandare, mun kuma yi murna da a ce yaro zai koyi haɗa wutar sola ko ɗinki ko kiwo ko gyaran waya. Abin da muke ƙi shi ne a yi sanarwa a Abuja alhali babu littafi, babu malamin da aka horar, sannan a bar iyaye da hedimasta suna kallon juna. Shekarar yaro ba ta jiran kwamiti. Wanda ya yi aji huɗu babu littafi ya yi shi ke nan, ba za a dawo masa da ita ba. Mu da muka koyi baƙi da wasali na boko a ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemu, muna kama fensir hannu na rawa, mun fi kowa sanin abin da ake nufi da lokaci ya wuce mutum.

To amma me ke kawo jinkirin a nan ƙasa, wajen zaɓen littattafai? Mun je ofishin da abin ya shafa har sau uku. Zuwan farko aka ce shugaban kwamiti ya yi tafiya. Na biyu aka ce ba a saki kuɗin zama ba. Na uku muka ce to a ba mu sunayen 'yan kwamitin, sai aka ce mana wannan sirrin gwamnati ne. Sirri? Sunayen mutanen da ke zaɓa wa 'ya'yanmu abin da za su karanta, da kuɗin harajinmu, shi ne sirri?

A nan ne muke ganin biri ya yi kama da mutum. Kowa ya san littafin da ya shiga jerin gwamnati ya samu kasuwar da babu irinta, domin dole duk ɗan aji ya saya, ko gwamnati ta saya da kwangila. Idan mai zaɓen littafin shi ne ya rubuta littafin, ko yana da hannun jari a kamfanin da ya buga shi, ko matarsa ce dillaliyar da ke rarraba shi, wane littafi kuke tsammani zai zaɓa? Idan kuma kamfanin da yake da alaƙa da shi na da tsofaffin littattafai jibge a sito, ashe ba ribarsa ba ce a ja ƙafa har a sayar da su? Idan yana da makarantar kuɗi tasa ta kansa, me zai dame shi don makarantar gwamnati ta kwana babu littafi, tunda duk uban da ya gaji can zai kai ɗansa? Ba mu kama sunan kowa ba, domin addininmu ya hana ƙazafi, kuma ba mu ga takarda ba. Amma wanda ya hana mu ganin takardar shi ya buɗe ƙofar zargi. Mai gaskiya ba ya ɓoye sunansa.

Kuma wannan ba son ranmu muke faɗa ba. Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Biyar inda aka jera ƙa'idojin aikin gwamnati, abu na farko da ya faɗa shi ne kada ma'aikacin gwamnati ya sa kansa a inda amfanin kansa zai yi karo da aikin da aka ɗora masa. Sannan akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta ya nemi bayani daga ofishin gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana bakwai, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba.

Wani zai ce, ai masanan da suka iya zaɓen littafi su ne dai marubutan, in an cire su wa zai yi aikin? Amsarmu mai sauƙi ce. A kira su su ba da shawara, mun yarda. Amma ranar da za a yanke hukunci a kan darasin da mutum yake da littafi a ciki, ya faɗi haka a rubuce, ya tashi ya fita. Ko a kara, dillali ba ya zama alƙalin cinikin saniyar da yake da la'ada a kanta. Abin da mahauci da ɗan tireda suka sani, bai kamata ya gagari mai digiri ba.

Sai mu zo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya mu mazauna. Manhajar ƙasa ta ce a koya wa yaro harshen Nijeriya guda, ta kuma ce ɗan Musulmi ya yi darasin addinin Musulunci, ɗan Kirista ya yi na Kirista. Wannan a takarda ke nan. A makarantun da yaranmu suka cika aji maƙil, sau nawa kuka ga malamin Hausa? Sau nawa aka ce babu malamin addinin Musulunci, don haka yaro ya zaɓa, ko ya zauna a darasin da ba na addininsa ba ko ya fita ya tsaya a rana? Sashe na 38 na Tsarin Mulki ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsa ko addininsa. Idan kwamiti ya zauna babu ko mutum ɗaya da ya san akwai mu, to littafin Hausa da na addini su ne na ƙarshe da za a tuna, in ma an tuna.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu ƙi 'ya'yanmu su koyi harshen masu gari ba. Da shi muke ciniki, da shi muke gaisawa da maƙwabta, wasunmu ma iyayensu mata 'yan garin nan ne. Jihar Legas ta yi doka a 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, kuma ba mu ga laifin mutum ya kare harshensa ba. Abin da muke cewa shi ne, yadda suke son nasu haka muke son namu, a koya wa yaro duka biyun. Masu ce mana in ba mu ji daɗi ba mu koma Arewa kuwa, muna tuna musu cewa Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, kuma irinsa na nan a Shagamu da Agege da Abakwata da sauran garuruwa. Mutumin da aka haifi kakansa a gari, yake biyan haraji da kuɗin rumfa a garin, aka binne iyayensa a maƙabartar garin, ina ne gidan da zai koma?

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifin, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kira taron iyayen yara da malamai, sai ka ƙirga mutanenmu da yatsun hannu ɗaya, kowa ya ce yana kasuwa. Akwai kwamitin kula da makaranta da ake sa mutanen unguwa a ciki, mu ba ma neman kujerar. Muna kukan babu malamin Hausa, to yaranmu nawa muka tura kwalejin horon malamai suka fito da takardar NCE a Hausa ko a addinin Musulunci? In gwamnati ta ce mu kawo mutum gobe, wa za mu kai? Wasunmu ma da an ce babu littafi sai su ce alhamdu lillahi, yaro ya bi su kasuwa, yarinya ta ɗauki talla. Wannan ba kwamiti ne ya yi mana ba, mu muka yi wa kanmu.

Saboda haka shugabannin ƙungiya sun zauna sun tsayar da abubuwa kamar haka. Na ɗaya, za mu rubuta takarda a ƙarƙashin dokar 2011 mu nemi sunayen 'yan kwamitin zaɓen littattafai, da ranar da aka ɗibar musu su gama, da ƙa'idar da suke bi. Na biyu, za mu nemi kowane ɗan kwamiti ya bayyana a rubuce ko yana da littafi, ko kamfanin ɗab'i, ko makarantar kuɗi. Na uku, za mu nemi a riƙa fitar da jerin littattafai tun kafin a tafi dogon hutu, kuma littafin da aka zaɓa ya yi shekaru ana amfani da shi, yadda ƙane zai gaji na wansa. Na huɗu, za mu nemi a turo malaman Hausa da na addinin Musulunci makarantun da yaranmu suke da yawa. Na biyar, za mu nemi zama da iyayen yara 'yan gari da shugabannin coci-coci, domin su ma wannan bulalar ce ke dukansu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke roƙo daga kowane gida shi ne: kada ku yar da jerin littattafan da aka ba yaranku, kada ku yar da rasit. Ku kawo su ofishin ƙungiya bayan sallar La'asar, mu rubuta sunan makaranta da ajin yaro da darasin da ba shi da malami. Uwar da ba ta fita ta aiko da ɗanta ko ta ba shugabar mata. Da waɗannan takardu za mu je, domin a ofis ba a sauraron "an ce", sai abin da aka gani a rubuce. Ranar taron iyaye kuma a rufe rumfa na awa biyu a je, zuwa da kai ya fi aike. Ita kuwa baiwar Allah mai tuwo, ƙungiya ta karɓi littattafanta ta ajiye, su ne shaidarmu ta farko.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.