Manhajar ba ta san inci daga milimita ba

Duk wanda ya taɓa sayen na'urar intanet a kasuwar waya ta Farm Centre ya san wannan ɓacin ran: kwali ya ce 40 Mbps, amma fim yana sauka 5 MB a daƙiƙa. Babu wanda ya cuce ka. Ma'auni biyu ne, ɗaya ya ninka ɗaya sau 8. A waya, asarar ba ta wuce tsaki ba. A manhajar injiniyoyi kuwa, irin wannan ruɗanin yana iya ƙarewa a kan rufin da mutane suke kwana a ƙarƙashinsa.

Manhajojin da nake nufi su ne na FEA, irin su Abaqus da Ansys da LS-DYNA. Aikinsu shi ne su tsinka zanen ginshiƙi ko gada gutsi-gutsi, su lissafa yadda kowane gutsire zai lanƙwashe idan aka ɗora masa nauyi. Da irinsu ake gwada manyan ayyuka kamar gadar sama ta Dangi tun kafin a zuba kankare. Yau ɗalibin injiniya a BUK ko Wudil yana da su a kwamfutarsa, malaminsa na biyu kuma YouTube ne.

To, mai karatu, leƙa duk inda ake gini a Gyaɗi-Gyaɗi. Fili da ƙafa ake auna shi. Bulo inci 6 ne ko inci 9. Rodi da milimita ake kiransa, mai 12 ko mai 16. Siminti kuma buhu ne mai kilo 50. Magini yana tafiya da duk waɗannan a kansa ba ya ruɗewa, domin idonsa yana kan abin. Manhaja ba ta da ido. Abaqus ba ta ma da wurin zaɓen ma'auni: ka rubuta 6, ta karɓi 6, ko mita kake nufi ko inci, kai ka sani.

Ga inda ake faɗawa. Idan da mita ka yi zane, taurin ƙarfe 210,000,000,000 ne. Idan da milimita ne, 210,000 ne. Ka yi zane da milimita ka kwafo lambar mita daga intanet, ka mayar da ƙarfenka ya fi na gaskiya tauri sau miliyan, sai manhajar ta ce maka ko gezau bai yi ba. Nauyin ƙarfe ya fi wannan tarko. Kowa ya haddace 7850, amma wannan kilo ne a ma'aunin mita. Mai aiki da milimita da niyuton dole ya rubuta 7.85e-9, domin a wannan tsarin da tan ake auna nauyi, ba da kilo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton. Launukan nan, ja da rawaya da shuɗi, manhajar tana raba su ne tsakanin lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta a sakamakonka. Saboda haka lissafi mai kyau da wanda ya kauce sau miliyan suna iya fito da hoto iri ɗaya sak. Bambancin yana cikin ƙananan lambobin gefe, waɗanda ba a ko iya karanta su idan hoton ya hau WhatsApp. Duk wanda ya turo maka hoton nan kaɗai a matsayin shaidar cewa gini zai tsaya, bai nuna maka komai ba tukuna.

Wani zai ce ai Ansys Workbench da SolidWorks suna rubuta ma'auni a gefen kowane akwati. Gaskiya ne, kuma sun rage matsalar. Sai dai fayil ɗin STL ba ya ɗauke da ma'auni, don haka zanen Ba'amurke na inci yana iya buɗewa a matsayin milimita, ya ƙanƙance sau 25.4. Ba kuma cutar ɗalibai ce kawai ba. A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin ta ba da lambobi da ma'aunin fam, NASA kuma ta ɗauke su a matsayin niyuton.

A ganina bai kamata malami ya karɓi aikin FEA ba sai ɗalibi ya rubuta tsarin ma'auninsa a shafin farko, ya kuma gwada manhajar da abin da hannunsa ya sani. Zana rodi mai 12, tsawon mita 12, ka tambaye ta nauyinsa. Duk lebura ya san bai wuce kilo 11 ba, in ma mai sayarwa bai rage tsawon ba. Idan ta ce 0.0107, tan ne, kana kan hanya. Idan ka sa 7850 a zanen milimita, za ta ce maka rodin nan guda ɗaya ya haura tan biliyan 10.