Firi a Gangara, Hatsinmu Na Baya

'Yan'uwa fatake da dillalai, yau ba maganar farashi za mu yi ba, maganar direbobin da ke ɗauko mana kaya ce.

Wasunsu in sun hango gangara sai su zare giya su saki mota a firi, wai tsimin mai. To mu dai ba mu yarda ba. Mota mai buhu 300, kowane buhu kilo 100, tan 30 ke nan yana tura ta daga baya. In tana cikin ƙaramar giya, inji ne ke riƙe ta, birki taimako kawai yake yi. In kuwa firi ce, nauyin duka a kan birki yake: ya yi zafi, ya fara ƙauri, a taka ya ƙi kamawa. Sannan giya ba ta komawa, don gudu ya riga ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa bin lodi ya sauka Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, ya san abin da muke faɗi.

Tsimin ma ina yake? Injin gas in yana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, yanke mai yake yi. A firi kuwa sai ya yi ta sha don kada ya mutu.

Suna cewa sauko da giya na cinye kuloci. Haka ne, in hannu bai ƙware ba. Amma kuloci ana sayar da shi a kasuwa.

Mu ma da namu laifin, muna taya kuɗin mota har direba ya rasa na mai. In za ku yi jinga a Dawanau, ku cika masa, ku kuma gindaya sharaɗin ba firi a gaban dillali.