Tudun Da Aka Sayar Da Awo

Wannan mako ina so in ba ku labarin wani bakin tafki a Amurka, don akwai abin lura a cikinsa.

A kudancin babban tafkin Mishigan, cikin jihar Indiyana, akwai jigayi na rairayi waɗanda iska da igiyar ruwa suka tara shekaru dubbai. Yawancinsu suna cikin gundumar Porter. Wani malamin Jami'ar Shikago, Henry Cowles, ya rubuta a 1899 yadda ciyawa ke fara kama rairayi da saiwarta, sa'an nan ƙananan itatuwa su biyo, har wurin ya zama kurmi. Amma in aka tattake ciyawar, sai iska ta ɗebi tudun ya kama tafiya. Akwai guda, sunansa Baldy, tsawonsa ƙafa 126, yana matsawa kowace shekara, yana binne itatuwa.

To, ga inda magana take. Da akwai wani tudu da ya fi wannan, kusan ƙafa 200, ana ce masa Hoosier Slide. 'Yan kasuwa suka yi ta lodinsa a jirgin ƙasa ana kai wa masu yin kwalabe, kafin 1930 ko alamarsa babu. Masu ƙera ƙarfe kuma suka kafa gari, watau Gary, a 1906, suna ta cin gaɓar.

Da wata mace, Dorothy Buell, ta ga haka, sai ta tara mata 'yan'uwanta a 1952, suka yi ta kai kuka. Waɗansu mutanen gundumar kuwa suka ce su aikin yi suke so da tashar jirgin ruwa. Ni dai ban ga laifinsu ba, gama mai iyali ba ya cin rairayi. Daga baya aka raba gardama: aka yarda da tashar, a 1966 kuma Majalisar Amurka ta keɓe sauran gaɓar. A 2019 aka ɗaukaka wurin ya shiga cikin manyan gandayen ƙasa, bakin ruwansa mil 15.

Abin da na gani shi ne, sulhun ya yi kyau, sai dai ya makara. Ana iya gina tasha a wani wuri, amma tudun da aka narkar ya zama kwalba, wa zai komo da shi? Da na sani ƙeya ce. Malamai, ku gaya wa yaranku wannan. Sai wani mako.