Turken Wawa Mai Ƙamshin Mangwaro

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samari da 'yan matan jami'o'inmu, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a tsaya a yi mata tankaɗe da rairaya. Maganar kuwa ita ce, wai sigarin lantarki, wato ɗan bututun nan mai batir da ake zuƙa a fesar da tururi mai ƙamshi, ba taba ba ne, tururin ruwa ne kurum, saboda haka wanda bai taɓa shan sigari ba yana iya zuƙarsa don nishaɗi, ya kuma ajiye shi duk ranar da ya ga dama. Mu dai mun ce wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda zai biya kuɗin wannan ƙarya shi ne yaron da iyayensa suka turo makaranta da lafiyayyen huhu da ƙwaƙwalwar da ba ta san nikotin ba.

Da farko ya kamata a bambance abubuwa biyu da masu wannan da'awa suke cakuɗawa da gangan ko da jahilci. A cikin karan sigari akwai abin da ke kisa, akwai kuma abin da ke ɗaure mutum. Hayaƙin da ke fita daga ƙonannen ganye, da kwaltar da ke cikinsa, su ne ke haddasa yawancin cututtukan huhu da sankara. Amma abin da ke tayar da magidanci da tsakar dare ya fita neman mai tebur, shi ne sinadarin nikotin. Mu Hausawa ba ma bukatar wani Bature ya koya mana wannan. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da tsohuwa mai cin garin taba da kanwa, ko dattijo mai shaƙar anwuru, ya ga yadda gida ke rikicewa ranar da 'yar battar ta ɓata. Waɗannan bayin Allah ba su kunna ashana ba, ba su busa hayaƙi ba, amma taba ta riƙe su har kabari. To, in nikotin ya iya kama mutum ta dasashi da ta hanci, wane dalili ne zai hana shi kama wanda ya zuƙe shi kai tsaye zuwa cikin huhu?

Yadda kamun yake faruwa kuwa sananne ne a wurin likitoci. Idan aka zuƙi nikotin, cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake bi ta jini ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ne ke sa mutum jin daɗi da gamsuwa. In aka yi ta maimaitawa, sai ƙwaƙwalwa ta sake shiri, ta ƙara yawan kafofin da ke karɓar nikotin, har ta kai ba ta samun natsuwa sai da shi. Shi kuwa ba ya daɗewa a jiki, domin cikin kimanin awa 2 rabin abin da ke cikin jini ya tafi. Daga nan sai ƙunci da saurin fushi da rashin tattara hankali su biyo baya, sai hannu ya koma aljihu. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ko daga karan sigari nikotin ya fito ko daga bututu mai batir, ba ta kuma tambayar ko mai ita tsohon mashayi ne ko sabon shiga. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, wanda ke nufin mafi yawan ɗaliban da ke karanta wannan mujalla suna cikin shekarun da kamun ya fi sauri, ya kuma fi wuyar kwancewa.

Wanda yake ganin wannan duk zancen littafi ne, to ya dubi abin da ya auku a Amurka. A shekarar 2015 aka fito da wani sigarin lantarki mai suna Juul, ɗan siriri mai kama da abin adana bayanan kwamfuta. Kafin zuwansa, ruwa mai nikotin da yawa yakan ƙona maƙogwaro, ya sa sabon shiga tari har ya haƙura. Masu Juul sai suka gauraya nikotin da wani asid wanda ya kashe kaifin, ta yadda yaro zai zuƙi mai ƙarfi ba tare da ya ji komai a wuya ba, suka kuma sa masa ɗanɗano irin na mangwaro da na'ana'a. Kamfanin da bakinsa ya ce ɗan kwalinsa guda yana ɗauke da nikotin daidai da na kwalin sigari mai kara 20. Sakamakon bai ɗau lokaci ba. A 2017 kashi 11.7 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantun sakandaren ƙasar ne ke zuƙar sigarin lantarki, amma zuwa 2019 adadin ya kai kashi 27.5. A watan Disamba na 2018 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya kira abin annoba a tsakanin matasa. A cikin wannan shekara kuma Cibiyar Masana Kimiyya da Injiniyanci da Likitanci ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya tabbatar akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sigarin lantarki yana haifar da alamomin jaraba, kuma yana ƙara yiwuwar matashi ya gwada sigarin gaske. A 2022 kamfanin Juul ya amince ya biya dala miliyan 438.5 ga jihohi sama da 30 da suka bincike shi a kan yadda ya tallata hajarsa ga yara.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce ai a Ingila hukumar lafiya ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi sigari sauƙin illa da kimanin kashi 95 cikin 100, kuma likitocin can suna ba mashaya shawarar komawa gare shi. Ba mu musa ba. Shi kansa Hon Lik, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin wanda ya ƙirƙiro na'urar a 2003, mashayi ne da sankarar huhu ta kashe mahaifinsa, kuma mafita yake nema wa irinsa. Bincike ya nuna cewa na'urar tana taimaka wa wasu mashaya su rabu da sigari. Amma wannan hujja ta mashayi ce, wanda ya riga ya faɗa rijiya ana neman igiyar da za a jawo shi. Wanda bai taɓa sha ba, da me za a auna masa sauƙin illar? Abin da yake shaƙa kafin nan iskar Allah ce, wadda babu nikotin a cikinta ko ƙwayar zarra. Ɗaukar hujjar majinyaci a miƙa wa mai lafiya yaudara ce, tamkar a ce wa mai ƙafa biyu ya karya ɗaya domin an samu sandar dogarawa mai kyau a kasuwa.

Ita kanta Ingilar da ake kafa mana hujja da ita ta ɗanɗana kuɗarta. Wani bincike da masana na Kwalejin Jami'a ta Landan suka buga a 2024 ya nuna cewa kafin 2021 mutum 1 ne cikin 200 na manyan da ba su taɓa zama mashaya sigari ba yake zuƙar na lantarki, amma zuwa 2024 ya zama 1 cikin 28, wato kusan mutum miliyan 1, akasarinsu matasa. Wannan hauhawa ta zo daidai da shigowar irin wanda ake zuƙa a yar, mai launi da ƙamshin alewa. Daga 1 ga Yuni, 2025, gwamnatin Birtaniya ta haramta sayar da wannan iri. Indiya kuwa tun 2019 ta haramta sigarin lantarki ɗungurungum. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta wata fuskar ma na'urar ta fi sigari iya kamu. Karan sigari yana da ƙarshe, in ya ƙone dole a tsaya. Yana da wari mai tona asiri, saboda haka mai sha sai ya fita waje, ya laɓe, ya ci goro ko ya tauna cingam kafin ya shiga gida. Wannan kunya da wannan wahala su ne suka tsare da yawa daga cikinmu. Sigarin lantarki ya kawar da su duka. Ana zuƙarsa a kan gado, da cikin makewayi, da bayan aji, a kwalin wasu ma an rubuta zuƙa dubbai. Yarinyar da ba za ta taɓa yarda a gan ta da karan sigari a hannu ba, ga shi tana ɗauke da shi a jaka kusa da jambaki. Mutumin da yake zuƙa tun farkawarsa har ya kwanta bai san adadin abin da ya sha ba, balle ya san ranar da ya wuce gona da iri.

Akwai masu cewa yana taimaka musu wajen karatu, musamman lokacin jarrabawa. Muna tambayarsu, kafin su fara, da me suka ci jarrabawar da ta kawo su jami'a? Natsuwar da suke ji bayan zuƙa, mafi yawanta sauƙin ƙuncin da rashin nikotin ɗin ne ya jefa su ciki. Akwai kuma masu cewa nasu babu nikotin, haka aka rubuta a kwali. A Ostireliya an sha gwada irin waɗannan ruwaye a ɗakin bincike, aka tarar da nikotin a cikin da yawa daga cikinsu. Wanda kuma ya ce shi ba a kama shi ba, gwajin mai sauƙi ne: ya ba abokinsa ajiyar na'urar na kwana 3, ya lura da barcinsa da fushinsa da inda tunaninsa ke zuwa. In ya ga yana lalube a aljihun da ya san babu komai, to ya samu amsarsa.

Kada kuma mu manta da masu cin ribar wannan ciniki. A watan Afrilu na 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba 7 na Amurka suka tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsu, suka yi rantsuwa, suka ce ba su yarda nikotin yana sa jaraba ba, alhali tun 1988 Babban Likitan ƙasar ya sanya shi a sahu ɗaya da hodar iblis wajen kama mutum. A 2018 kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya zuba dala biliyan 12.8 ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul. Ɗan kasuwa ba ya zuba irin wannan dukiya a kan hajar da mai saye zai ɗanɗana sau ɗaya ya tafi.

Yau ga wannan haja a kantunan Legas da Abuja da Ibadan, ana kuma tallata ta a wayoyinmu. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma muna kira ga hukuma da ta tabbatar wannan hukunci ya hau kan sigarin lantarki ba tare da wata kwana-kwana ba, a kuma hana ƙamshin alewa da 'ya'yan itace da ake farautar yara da shi. Doka tana aiki in an so, domin a Amurka bayan an ɗaga shekarun saye zuwa 21 aka kuma taƙaita ɗanɗano, adadin ɗaliban nan ya sauko zuwa kashi 7.8 a 2024. Hukumomin jami'o'i su haramta shi a ɗakunan kwana da azuzuwa kamar yadda suka haramta sigari. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Hausa su ɗauki maganar zuwa Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, su bayyana wa iyaye cewa abin nan da suke gani a hannun yaro ba kayan makaranta ba ne.

Ga wanda ya riga ya kamu, muna ba shi shawarar ya nufi asibitin makaranta ya nemi taimako, domin zafin rabuwar yakan yi tsanani ne a makon farko, ya kuma lafa cikin 'yan makonni. Ga wanda bai fara ba kuwa, ranar da aboki ya miƙo masa ya ce ɗanɗana ka ji, ya tuna cewa sabo turken wawa ne, kuma maganin kada a yi, kada a fara. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.