Duwatsun Murhu Ba Za Su Amsa wa Ariyus Ba

'Yan'uwa, har cikin masu kiran sunan Almasihu akwai masu musun koyarwar Allah Ɗaya cikin Uku. Wajen shekara ta 318, wani malamin ikkilisiya a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya koyar cewa uba yakan riga ɗansa kasancewa, saboda haka Ɗan ma halitta ne. Masu irin wannan ra'ayi, har da Shaidun Jehobah, sukan buɗe Yohanna 14:28, su kuma ce kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Gaskiya ne, kalmar ba ta ciki.

A 325 bishop-bishop wajen 300 suka taru a Nikiya, suka ƙi koyarwar Ariyus. Daga baya Atanasiyus ya bayyana dalili: halitta ba ta iya ceton halitta. In Almasihu ba Allah ba ne, sujadarmu gare shi bautar halitta ce, ceto kuwa babu.

Amma mu daina ba da misali da duwatsun murhu uku. Kowane dutse kashi ɗaya ne kawai, alhali Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kowannensu cikakken Allah ne. Gara mu buɗe Yohanna sura 1 da Matta 28:19, mu amsa wa mai tambaya da haƙuri.