Ina Masu Jiyyar Waɗanda Fahimtarsu Ta Yi Rauni?

Duk wanda ya san Ƙofar Wambai ya san wuri ne na hada-hada. Ga 'yan gwanjo, ga masu robobi da takalma, ga majema inda a ke jeme fata tun kaka da kakanni. Daga nan zuwa Asibitin Murtala, wanda dattawa suka sani da sunan Asibitin Birni tun zamanin En'e, tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan. Amma cikin lungunan da ke bayan kasuwar nan, kamar sauran unguwannin birni, akwai waɗansu bayin Allah da kusancin asibiti bai amfane su da kome ba. Su ne waɗanda aka haifa da raunin fahimta, ko kuwa wata cuta ta same su tun suna ƙanana ta bar su da shi. Jama'a na ce musu dolo, ko gaɓo, ko galahanga, wani ma a ce ɗan ruwa ne, aljannu suka yi musanya. Maganar da mu ke so mu kawo gaban masu karatu ita ce, lokaci ya yi da jami'a za ta fara horar da ma'aikatan jiyya musamman domin waɗannan mutane.

Da farko dai a bambanta, domin a nan yawancinmu mu ke tuntuɓe. Raunin fahimta ba hauka ba ne. Hauka ciwo ne da ke faɗa wa mutum yana cikin hankalinsa, sau da yawa kuma magani ya kan mai da shi yadda ya ke. Shi kuwa raunin fahimta tun yarinta ya ke farawa. Yaro ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin magana, abin da tsaransa suka koya a mako shi sai ya shekara. Babu allurar da ke kawar da shi, amma fa yaron yana koyo, sai dai a hankali. Sababinsa kuwa sanannu ne. Akwai doguwar naƙuda da ke hana ƙwaƙwalwar jariri iska. Akwai shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, wadda a ke zaune da ita a ɗaki ana jiƙe-jiƙe har ta yi ɓarna. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, akwai sanƙarau, irin annobar 1996 wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Kano kuwa na cikin wuraren da ta fi yi wa ta'adi. Gubar dalma da ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010 ta bar waɗansu da rai amma da ƙwaƙwalwa mai tabo. Akwai kuma wanda a ke haihuwa da shi, irin wanda wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta a 1866. Duk cikin lissafin nan babu aljani ko ɗaya.

Wani malami zai ce, to, in ba a warkewa, ina ruwan asibiti? Ai wannan aikin makaranta ne. Tambayar tana da nauyi, har a Ingila an taɓa kafa kwamiti wanda ya ba da shawara a 1979 cewa a ɗauke aikin daga hannun masu jiyya. Ba a bi shawarar ba, abin da ya bayyana daga baya kuwa ya nuna dalili. Jami'ar Biristol ta binciki mutuwar masu raunin fahimta su 247, ta fitar da rahoto a 2013. Aka tarar mazansu na riga sauran maza mutuwa da shekara 13, matansu kuwa da shekara 20, kuma fiye da sulusin mace-macen nan daga cututtukan da kyakkyawar kulawar asibiti ke iya magancewa ne. Wannan fa a ƙasar da ganin likita kyauta ne.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Mai raunin fahimta sau da yawa ba ya iya cewa ga inda ke yi masa ciwo. Haƙori ya dame shi, ko kunne, ko ciki ya ɗaure kwana biyar, sai ya kama buga kai da bango, ko ya ƙi abinci, ko ya ciji ƙanensa. Uwa ta kai shi asibiti, likita ga layi har waje, ya dube shi ya ce, ai halinsu ne. A ba shi maganin barci, ciwon kuwa yana nan yana ci. Farfaɗiya ta kan kama kamar ɗaya cikin biyar nasu, alhali cikin sauran jama'a ba ta wuce ɗaya cikin ɗari ba. Da yawansu ba su haɗiya daidai, kunu ya bi ta hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Kusan rabin jariran da a ke haifa da irin na Down suna da lahani a zuciya. Malamin makaranta, kome ƙwazonsa, ba a koya masa gane waɗannan ba. Ma'aikacin jiyya na kullum kuwa an koya masa cuta, ba a koya masa sauraron wanda ba ya magana ba.

A Biritaniya aikin jiyya reshe huɗu ne: na manya, da na yara, da na masu taɓin hankali, da na masu raunin fahimta. Ɗalibi tun ranar shigarsa jami'a ya ke zaɓen reshensa. Karatun shekara 3 ne, awa 4,600, rabi a aji rabi a wurin aiki, kuma tun 2013 ba a fara koyon jiyya a Ingila sai a matakin digiri. Ana koya masa ilmin jiki da magunguna kamar kowa, sa'an nan a ƙara masa magana da hannu da hotuna, da yadda a ke bin sawun fushin mutum har a gano abin da ke tayar da shi, da dokar da ta tsare haƙƙin wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara.

Kada a ɗauka Turawan nan da sauƙi suka kai ga haka. Bayan wata doka ta 1913 sun gina manyan gidaje a bayan gari, suka tara dubban mutane suka rufe, masu jiyya suka zama kamar gandirobobi. Sai da asirin asibitin Ely na birnin Kadif ya tonu, rahoton 1969 ya tabbatar da duka da wulakanci, kana aka fara tunanin rushe tsarin, aka kuwa shekara wajen 40 ana kwashe mutane ana mai da su cikin gari. Duk da haka a 2011 gidan talabijin na BBC ya sake nuno irin wannan zalunci a wani ƙaramin asibiti mai suna Winterbourne View. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk mai ba Gwamnati shawarar ta gina katafaren gida a wajen Kano ta kwashe yaran nan ta zuba, hanyar da masu ita suka bari ya ke nuna mana. Mu Allah ya ba mu abin da su suka ɓatar suna nema: yaranmu suna gida, gaban uwa da kaka da maƙwabta. Abin da ya rage shi ne mai ilmi ya je ya same su can.

To, mu me mu ke da shi? Jami'ar Ibadan ta fara digirin jiyya tun 1965, yau kuwa karatun shekara 5 ne a jami'o'i da dama, har da Jami'ar Bayero. Wanda ya gama jiyya yana iya ƙaro ilmin ƙashi a Asibitin Dala, ko na taɓin hankali a Barnawa ta Kaduna. Amma Majalisar Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya ba ta da rajista ta musamman domin masu jiyyar raunin fahimta. Abin mamaki, Jami'ar Bayero tana da sashen jiyya, tana kuma da sashen ilmin masu buƙata ta musamman. Ga fura ga nono, mai damawa ne babu.

A ganinmu bai kamata mu kwaikwayi Ingila sak ba, watau a ware ɗalibi tun shekarar farko. Ƙasar da nas guda ke riƙe da asibitin ƙauye tana bukatar wanda ya iya karɓar haihuwa da ɗaurin rauni tukuna. Gara a ɗauki waɗanda suka riga suka gama, a ƙara musu shekara guda a jami'a, sassan nan biyu su koyar tare. Rabin lokacin su yi shi a Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da cikin gidajen unguwa. A kuma fifita mata masu jin Hausa, domin cikin birni namiji baƙo iyakarsa zaure, yaron kuwa yana can ƙuryar ɗaki. Ita ce za ta nuna wa uwa yadda za ta zaunar da shi in za ta ba shi kunu, ta hana a tura masa cokali a baki in farfaɗiya ta tashi, ta raka shi gaban likita ta yi masa tafinta. In ya girma, ita ce za ta roƙi mai rumfa a kasuwa ya ba shi jera robobi ko ninke gwanjo, aikin da da yawansu za su iya, su ma su ci guminsu.

Za a ce masu jiyya ba su ishe mu ba, waɗanda mu ke da su ma suna ta tafiya Turai. Gaskiya ne, har akwai abin da ya fi haka. Tsakanin 2010 da 2018 masu wannan reshe a asibitocin Gwamnatin Ingila sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, aka kuma soke kuɗin tallafin ɗaliban jiyya a 2017, masu neman shiga suka ƙara ja da baya. Ke nan duk wanda muka horar, akwai masu jiransa da fam a hannu. Maganin wannan ba ya wurin jami'a, yana kan teburin akawu. Ba wanda zai ƙara shekara guda yana karatu in ya san zai komo a jefa shi ɗakin allura da albashinsa na da. Sai an rubuta gurbin aikin cikin tsarin ma'aikata, da matakinsa, da hanyar ƙarin girma. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kula da lafiya, amma doka ba ta duba kunnen yaro.

Gurbi kuwa ba a yanka shi sai da adadi, kuma a nan ne malamai da akawuna su ke da hannu. Malamin firamare ya san yaron da ya shekara uku a aji ɗaya bai rubuta sunansa ba. Mai unguwa ya san gidan da a ke rufe wani in baƙi sun zo. Ta hannun dagatai da masu unguwanni En'e ta riƙa ƙidaya masu biyan haraji gida gida, ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Littafi guda da akawu guda, tare da wata ma'aikaciyar lafiya mai shiga cikin gida da yardar masu shi, sun isa a fara da Ƙofar Wambai, a tsare sunaye a matsayin amana, a kai adadin gaban Ma'aikatar Lafiya da Jami'ar Bayero.